Kwalbar Da Ta Nuna Gidan Marka

Ranar Litinin da ta wuce an ci mini fuska a gidan mai a Gwarzo, alhali ko babur ba ni da shi. Motar da na hau zuwa Kabo ce ta shiga layi, direba ya ce mu sauka mu miƙe ƙafa, don yadda ya ga layin nan sai mun yi azahar a wurin. Na sauka na jingina da katanga, na ciro wata kwalba daga aljihun riga ina juya ta a hannu ina tunanina. Mai zuba man ya hango ni. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi ba ya sayarwa a kwalba, kuma tsoho mai furfura irina bai kamata ya shiga bumburutu ba. Aka yi ta dariya. Wani ɗan acaɓa ma ya matso kusa da ni ya tambaya a asirce nawa nake ba da lita.

Ban ji haushi sosai ba, domin shi mai zuba man bai san darajar abin da ke hannuna ba. Kwalba ba ƙaramin abu ba ce a wannan zamani. Kwalba ce ta hana matar yayana cin abinci, ita ce kuma ta fito da ni daga gida a tsakiyar noman fari. Bari in faro muku daga tushe.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, wata farar mota ta shigo unguwarmu, can bayan Kutama. Samari da 'yan mata ne a ciki, da fararen riguna da akwatin ƙanƙara. Suka gaida mai unguwa Muntari da ladabi, suka ce gwamnati ce ta ba malamansu kuɗi su binciki wata cuta da ke tashi daga shanu ta shiga mutane ta hanyar nono. Muka ce madalla. Sai ɗaya daga cikinsu, mai tabarau, ya je gindin ɗorawar da muke zama, ya share ƙasa da takalminsa, ya kwantar da kwalbar lemo wadda ba komai a ciki, ya murza ta.

Ni mutum ne mai son kallon abin mamaki. Na taɓa bin wata hanya har Lakwaya a ƙasa don in ga akuyar da aka ce tana da kunne uku, kuma ban yi nadama ba, ko da yake na ukun ƙari ne. Na ga mai bugun ƙasa, na ga mai duba da wuri. Amma ban taɓa ganin ɗan boko da tabarau ya durƙusa yana jiran kwalba ta gaya masa inda zai nufa ba. Ta yi ta juyi tana walƙiya. Ta rage gudu, ta wuce teburin Sajo mai shayi, ta yi kamar za ta tsaya a ƙofar gidana, sannan ta gota kaɗan ta tsaya cak, bakinta na kallon gidan Marka.

Marka matar marigayi yayana Altine ce. Tun da ya rasu take riƙe da 'yan shanun da suka rage daga garken mahaifinmu, da su take ci da marayu. Furarta da nononta kuwa, ba don tawa ba ce, har daga Kutama ake aiko da kwano. Ni ƙanin miji ne, don haka ba ta taɓa kirana da sunana Datti ba. Rabin Boko take ce mini, wai don an cire ni daga makaranta kafin in gama aka maida ni kiwo.

Baƙin suka shiga gidanta suka ɗebi nono, suka ɗebi jinin shanu, suka ɗebi nata, suka ba ta sabulu. Da za su fita suka rubuta lamba da jan fenti a jikin katanga, suka ce sakamako na nan zuwa. Da yake gidanta ne na ƙarshe, bayansa sai gonaki, ba su shiga na kowa ba, suka miƙe ta wannan hanyar zuwa unguwa ta gaba.

Kafin ƙurar motar ta kwanta Sajo ya gama fassara. Ya ce kwalbar nan ba ta banza ba ce, akwai na'ura a gindinta mai shinshino cuta, in ba haka ba me zai sa masu ilmi irin wannan su bi ta? Ya ce kuma gwamnati ba ta ɓarnar jan fenti. Shi ba ya cewa komai, in ji shi, amma kowa ya ga inda ta tsaya. Sajo kullum haka yake, ba ya cewa komai, sai dai duk wanda ya sha shayinsa ya tashi da labari.

Mata suka daina aiko da kwano. Maganar ta kai kasuwa, ta riga ƙwaryar Marka isa. Marka ta kwaɓa ƙasa za ta shafe lambar, mai unguwa ya hana, ya ce ba a goge rubutun hukuma, idan suka dawo ba su gan shi ba shi za a tambaya. Ba su dawo ba. Rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, shanu suka cika hantsa. Yanzu ne lokacin da mai nono take dariya, ita kuwa Marka sai ta tatsa ta zuba wa maruƙa, abin da ya saura ya tsinke ta kai juji. Makon jiya ta kira dillali, ta ce ranar kasuwa ya zo ya kora shanun duka. Na ce ta saurara mini. Ta ce, "Rabin Boko, da rabin naka za ka karanta abin da masu cikakke suka rubuta suka gudu?"

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa rediyo ne. Na ji an ce gwamnati, saboda tsananin son gaskiya, ta bayyana wa jama'a sunan duk malamin da aka ba kuɗin binciken lafiya, da abin da aka ba shi, da aikin da ya ce zai yi. Mai Girma Sarkin Yanka Zare da kansa ya yi magana, ya ce daga yau babu rufa-rufa, ko talakan da ke ƙauye yana da haƙƙin sani. Na duba hagu na duba dama, na ga ni ne talakan da ke ƙauye. Na ce shi ke nan. In na sami sunan mai binciken, sai in same shi in ce ya zo gindin ɗorawa ya faɗi abin da kwalbarsa ta gani. In cuta ce a yi wa Marka magani, in ba ita ba ce a wanke ta. Na ari kwalbar man gyaɗar uwargidana Asiya don in nuna irin abin da nake nufi, na kama hanya.

A Gwarzo aka nuna mini wani ofishi, ba zan ce wanne ba. Shugaban wurin, Ranka Ya Daɗe Ya Fita Taro, ba ya nan, amma hularsa na kan tebur, alamar yana aiki. Kujerarsa irin mai juyawar nan ce. Wata ma'aikaciya, Hajiya Badi'a, ta karɓe ni da mutunci, muka gaisa har ta tambayi damina. Da na faɗi buƙatata ta ce ai wannan mai sauƙi ne, duk an zuba a intanet. Ta ciro waya ta latsa, ta juyo mini da fuskarta. Sai ga wani ɗan zobe a tsakiyar gilashin yana juyawa.

Na gyara zama. Ya juya, ya juya. Hajiya ta ce sabis ne, ta ɗaga wayar sama, ta je bakin taga, ta dawo. Zoben bai gaji ba. Na tambaye ta ko in ya tsaya, wajen da ya kalla nan ne gidan wanda ya karɓi kuɗin. Ta yi dariya har ta riƙe tebur, ta ce ita dai tun da aka buɗe shafin ba ta taɓa ganin ya tsaya ba. A nan na fara gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata. Aikin hukuma ba ya tafiya sai da abu mai juyawa. Kwalba ta juya, kujera ta juya, zoben waya ya juya, sannan a juya mai tambaya. Ta ce in je Kabo, an kafa allo a can musamman don mutanen karkara irina.

To, kun ji abin da ya kai ni layin mai.

Allon Kabo kuwa, ina yi wa duk wanda ya kafa shi jinjina. Ƙarfe ne mai kauri, an zuba masa siminti a ƙafa, har da ɗan rufin kwano. Rabinsa na sama hoton Mai Girma ne riƙe da almakashi, yana murmushin da ban taɓa ganin irinsa a asibiti ba. Ƙarƙashin hoton an rubuta sunansa da duk sarautunsa da manyan baƙaƙe. Aka rubuta sunan wanda ya wakilce shi ranar da bai zo ba. Aka rubuta sunan kamfanin da ya ƙera allon, da lambar wayarsa, ko wani zai so irinsa. Duk wannan da fenti mai kyau ne, ruwa ba ya cin sa.

Sunayen masu binciken kuma takarda ce aka liƙa a can ƙasa, daidai tsayin bakin akuya. Akuya ta yi aikinta a gefe ɗaya, damina ta yi nata a ɗayan, wani mai neman kujera ya liƙa fuskarsa a tsakiya. Na durƙusa na karanta abin da ya saura da ɗan bokona. Na ga Farfesa, na ga Dakta, sunan da ke biye kuwa yana cikin akuya. Na kama wata kalmar Turanci mai tsawon igiyar guga, na bi ta har rabi numfashina ya ƙare na sake ta. Wajen kuɗin ma lambar farko ta shige ƙarƙashin kunnen ɗan takara, sai sifilai kawai a jere kamar ƙwan zabi a cikin ciyawa. Na daɗe ina kallonsu. Suna da kyau ƙwarai.

Ina nan durƙushe wani ya yi mini sallama. Malam Badaruddeen sunansa, a ɗakin da ke bayan allon yake aiki. Ya ba ni benci da gyaɗa. Da na ciro kwalba na fara bayani sai ya dafe kai, ya ce ai shi ne ya yi wa masu farar motar jagora bara, ya ma tuna ɗorawarmu.

Na ce to Alhamdu lillahi, me kwalbar ta gani a gidan Marka?

Ya ce, "Baba, kwalba ba ta ganin komai. Ƙuri'a ce kawai. Ba za su iya shiga kowane gida ba, sai su murza ta, inda ta kalla su bi, don kada a ce sun zaɓi gidan wani da son rai."

Na ce jan fentin fa? Ya ce don kada su manta su sake shiga gidan da suka riga suka shiga ne. Ja ne kawai ya rage a motar.

Na ci gaba da ɓare gyaɗa. Wato duk nonon da ya tafi juji, da kwanon da aka daina aikowa, da Marka da ta daina zuwa suna da biki don kada a janye tabarma, duk don shuɗin fenti ya ƙare ne.

Na roƙe shi ya rubuta mini wannan magana a takarda ya buga hatimi, in kai wa mai unguwa. Ya ce ba shi da iko, sai da izinin mai binciken. Na ce wane ne mai binciken? Ya ce shi yaran kawai ya gani, amma ai an bayyana sunan. Na ce a ina? Ya nuna allo. Na ce akuya ta riga ni. Ya ce to akwai a intanet.

Na ce sakamakon jinin fa? Nan ma, in ji shi, ya ji an bayyana, an buga a wata mujalla a ƙasar waje wadda sai ka biya da kuɗin can kafin ta buɗe. Kuma ko na buɗe ba zan ga Marka a ciki ba, domin doka ce mai ƙarfi a wajen masu bincike, ba a faɗin sunan wanda aka ɗebi jininsa, don a kare mutuncinsa.

Jama'a, ku taya ni jin wannan hikima, don ni ta fi ƙarfin rabin bokona. A Turai, inda ba wanda ya san Marka, ba mai shan furarta, an ɓoye sunanta don kare mutuncinta. A unguwarmu, inda kowa ya san ta, an rubuta ta da jan fenti a bakin hanya. Wanda ya karɓi dukiyar jama'a kuma, wanda aka yi shela a rediyo cewa an bayyana shi, an kare nasa mutuncin har akuya kaɗai ta san ɗanɗanon sunansa. Ba wanda ya karya doka. Kowa ya yi aikinsa. An dai saka wa kowa rigar ɗan'uwansa ne.

Kada wani ya ce tsohon nan yana ƙin bincike. Na tashi lokacin da kurkunu ke kwantar da magidanci damina guda, gonarsa ta zama daji yana kallo. Yau jikokina ba su san ko mene ne shi ba, kuma na san ba da zaman gindin ɗorawa aka kore shi ba, wasu ne suka yi karatu suka bi tafkuna. A ba su kuɗin, a ƙara musu. Abin da nake cewa, wanda ya san hanyar zuwa ɗibar jini ya kamata ya san hanyar dawowa, ai hanyar ɗaya ce.

Kafin in tashi na yi wa Malam Badaruddeen tambaya ta ƙarshe. Na ce tunda don adalci ake murza kwalba wajen ɗibar jinin talaka, ita kwalbar rabon kuɗin a wane ɗaki ake murza ta? Ya ɗaga kai ya kalli fanka, ita ma tana juyawa, ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne. Ni ban zargi kowa ba. Na dai san daɓen da ba a yi shi daidai ba, duk yadda ka murza kwalba a kansa gefe ɗaya take gangarawa, kuma laifin magini ne.

Na dawo gida ba takarda ba hatimi, ga ranar kasuwa ta matso. Washegari bayan la'asar, da mutane suka taru a gindin ɗorawa, na faɗi abin da na jiyo. Sajo ya ce shi ba ya cewa komai, amma da Datti da masu tabarau kowa ya san wanda ya fi karatu. Mai unguwa ya ce magana ba takarda ba ta goge rubutun hukuma.

Sai na tashi na share ƙasa da takalmina, kamar yadda na ga an yi. Na ce a can an koya mini aikin, kuma an ce kowace kwalba tana yi. Wannan kam gaskiya ne. Na kwantar da kwalbar Asiya na murza.

Kowa ya matso. Ta juya, ta rage gudu, ta tsaya tana kallon tukunyar shayin Sajo.

Wani da ke riƙe da kofi ya ajiye shi a hankali. Sajo ya ce ƙasar wurin a karkace take, kuma kwalbar tana da maiƙo. Na ce to a sake, ya zo ya murza da hannunsa. Ya murza da ƙarfi kamar mai tayar da injin ban ruwa. Ta nuna turken jakin liman. Aka sake, ta nuna gidana, na ce na karɓa. Aka sake. Wannan karon ta yi juyi mai tsawo, ta zo a hankali kamar mai jin kunya, ta tsaya daidai ƙofar zauren mai unguwa Muntari, wanda iyalinsa ke sayar da ƙosai da waina duk safiya.

Mai unguwa ya kalli kwalba, ya kalli zaurensa, ya gyara rawani. Ya ce shi dama tun bara abin nan bai kwanta masa ba. Ya ce kwalba gilashi ce, ba ta da ido ba ta da hanci, kuma bai kamata Musulmi ya rataya lafiyar maƙwabcinsa a bakin abin da ake zuba man gyaɗa ba. Sajo ya ce wallahi abin da yake faɗa ke nan tun farko, ba a saurare shi ba ne.

Aka aika aka kira Marka. Ta zo da ƙwaryarta, ta dama, mai unguwa ya fara sha a gaban kowa, ya ce a je a shafe katangar, in hukuma ta zo shi zai amsa. Ƙwaryar ba ta koma da komai ba. Na ga ta juya baya tana gyara mayafi ya fi sau ɗaya. Dillali ya zo ranar kasuwa ya koma da igiyarsa.

Da za ta tafi ta miƙo mini ludayi, ta rage murya. "Rabin Boko, na ji kwalba ba ta san komai ba. To jinin da suka ɗiba fa? Lafiyata ƙalau, ko kuwa?"

Nan bokona ya ƙare. Na ce mata an bayyana, sai dai ba a nan ba. Na ce kafin labarin ya iso ta riƙa tafasa madarar kafin ta kwantar, ba ya cutar da kowa. Ta ce to, ta ɗora ƙwarya ta wuce. Har yanzu tambayar tana nan, kuma duk mai tabaran da ya karanta wannan ya tuna ɗorawarmu, gidan ƙarshe ne kafin gonaki. Lambar ce kawai ba zai tarar ba.

Saboda ni ma ina son gaskiya kamar Mai Girma, bari in bayyana wa jama'a binciken da na gudanar. Mai bincike, Datti. Wadda ta ba da tallafi, Asiya, kuma ta ce in dawo mata da kwalbarta kafin a soya gyaɗa. Abin da na samu, fura ludayi biyu. In lokacin rabo na gaba ya zo manya suka rasa ɗaki mai daɓe daidai, ga gindin ɗorawarmu nan kyauta. Mun gwada shi, kowa yake nunawa, har jakin liman.